Gurgu Mai Walda a Ƙasar Zamfara

Abin da ya fara tarbata a tashar motar Ƙauran Namoda sadaka ce. Kwandasta ya sauke ni ya ajiye a gindin darbejiya, ya koma ya kwance kekena daga saman mota. Kafin ya dawo wani dattijo ya wuce, ya jefa mini kuɗi a cinya, ko dubana bai yi ba.

Na ce, “Baba, ɗauki abinka, ba bara nake yi ba.”

Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa. “To mi kaka yi nan ƙasa?”

“Kekena nake jira. Aiki na zo yi, mai walda ne ni.”

“Allah shi kyauta,” in ji shi, ya yi gaba ya bar mini kuɗin.

Sunana Ishaku. Bahaushe ne ni, Kirista, daga wani ƙauye kudu da Zariya. Shan-inna ta kama ƙafafuna tun ina rarrafe, sai na zarce da rarrafen. Mutanen ƙauyenmu sun yi maganganu iri-iri a kaina, wasu ma a gabana, don suna ganin wanda ba ya tafiya ba ya ji. Mahaifiyata kuwa duk Lahadi sai ta goya ni zuwa majami'a, har na girma ƙafafuna suna jan ƙasa a bayanta. In an ce mata ta bar ni a gida ta huta, sai ta ce, “Wanda ya ba ni shi yana ƙaunarsa a haka, ni ce zan ce ya yi mini nauyi?” A bayanta na fara sanin Allah yana ƙaunata, tun ban san ana wa'azi a kan haka ba.

Da na tasa, ikkilisiya ta kai ni wani wurin koyon sana'a a Jos, na koyi walda. Abin da na fara ƙerawa da hannuna keken guragu ne, nawa na kaina. Ranar da na hau shi na shiga kasuwa, na ga fuskokin mutane maimakon gwiwoyinsu, na dawo na shiga ɗaki na yi kuka na yi godiya. Daga nan na san abin da aka kira ni in yi. Ban ji murya ba, ban yi mafarki ba. Na dai san akwai masu jan gindi a ƙasa da yawa, ni kuma an ba ni hannu.

A Jos ɗin na gamu da Alhaji Sambo, ɗan kwangila, ya zo sayen kayan mota. Ya zagaya kekena yana ƙwanƙwasa ƙarfen, ya ce jiharsu sabuwa ce, komai yanzu ake kafawa, guragu kuma ga su nan birjik, in na zo za mu yi kekuna har mu gaji. Abin da ya kai ni Ƙaura ke nan, da injin waldata mai janareta a jiki, wanda na yi shekaru ina tara kuɗinsa.

Alhaji ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni rumfa a bayan gidansa da wani ɗaki da ake ajiye siminti. Washegari aka kawo ƙarafa, na duba na ga na ƙyauren gida ne.

Na ce, “Alhaji, ina bututun keke?”

“Yana tahe. Ka hwara da wanga, gidan wani babba ne a Gusau.”

Na gama ƙyaure aka kawo tagogi. Na gama tagogi aka kawo tankin ruwa. Damina ta shiga ta fita ina yi wa manyan sabuwar jiha ƙofofi, bututun keke kullum yana tafe. Da na gaji, sai na tsinci guntayen ƙarfe na haɗa keke ɗaya bayan an tashi aiki. Alhaji ya gani ya yi murna ƙwarai, ya sa aka shafa masa koren fenti, aka rubuta sunan kamfaninsa a baya, aka ɗora a mota aka kai Gusau wai a nuna wa hukuma. Ya dawo da hoto, yana tsaye a gefen keken yana murmushi. Keken kuwa ban sake ganinsa ba.

Ana cikin haka aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya cika da murna, motoci suna ta ɗibar mutane zuwa Gusau, ko'ina ka juya maganar ke nan. Mu kuma a 'yar majami'armu ta kusa da layin dogo, kowace Lahadi sai ka ga benci ya ƙara yin fili. Masu shaguna suna karyar da kaya suna komawa kudu. Babu wanda ya taɓa ni, gaskiya, amma tsoro ba ya jiran a taɓa mutum. Mahaifiyata ta aiko da saƙo ta bakin wani direba, wai in dawo ko da tsirara ne.

Alhaji shi kuma ya samu sabon aiki a kaina. Duk baƙon da ya yi sai ya kawo shi rumfa ya nuna ni. “Wanga yarona ne, Ishaku. Kun ji sunan ma namu ne. Yana hanya, saura kaɗan.”

Na ce masa, “Alhaji, ba na kan wata hanya. Inda nake nan nake.”

Sai ya yi dariya ya ce wa baƙon, “Haka suka hwaɗi da fari.”

Kada a ce Musulmi kaɗai suka ishe ni. Wani mai wa'azi ya zo mana daga kudu don ya ƙarfafa waɗanda suka rage. Yana hango ni a kan keke idonsa ya yi haske. Ya sa aka ciro ni, ƙarti biyu suka riƙe ni ta hammata, yana ta tsawa in tashi in yi tafiya. Da suka sake ni na zube, sai ya gaya wa jama'a bangaskiyata ce ba ta kai ba. Na rarrafa na koma kekena gwiwata tana jini. Kowa yana da gyaran da yake so ya yi mini, ni kuma ban ce wa kowa na lalace ba.

Baba Dauda ne ya wanke mini ciwon. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dattijon ikkilisiya, ya yi ritaya ya zauna a Ƙaura don a nan ya binne matarsa. Ya kai ni gidansa ya tuƙa tuwon masara da kansa, ya yi gudaji, muka ci a haka.

Ya ce, “Ɗana, waɗanda ka ce ka zo dominsu, ka ma gan su kuwa?”

Na ce ina ganinsu a bakin kasuwa.

“Ganin ido ke nan. Ka ɗora mutum nawa a keke?”

Na ce ko ɗaya.

“To ko ka koma gida wurin uwarka, ko ka yi abin da ya kawo ka. Ƙofofin Alhaji ko ba kai za a yi su.”

Da na gaya wa Alhaji zan tashi, sai ya ce injin ya zama na rumfa, tun da a gidansa yake kwana, abincinsa kuma nake ci. Na yi magiya, na yi fushi, ya sa kwaɗo ya rufe. Baba Dauda ya je ya sami abokinsa Malam Garba, direban a-kori-kura mai jigilar Shinkafi da Zurmi. Malam Garba ya jira aka idar da sallar la'asar a masallacin ƙofar gidan Alhaji, mutane suna sa takalma, sannan ya ɗaga murya kaɗan.

“Alhaji, yanzu hwa Shari'a aka yi. Kayan sana'ar gurgu, baƙo, za ka riƙe? Mu tahi gaban alƙali ko ka ba da mabuɗi?”

Kafin magariba injina yana bayan motar Malam Garba. Abin da 'yan'uwana suke gudu, shi ya karɓo mini kayana, na rasa yadda zan ba da wannan labari a majami'a.

Malam Garba ya kai ni Shinkafi, gari ne na kasuwa. Ran cin kasuwa sai ka ga mutanen Nijar da raƙuma da jakuna, ga dabbobi, ga hatsi, ga zafin da ke sa ƙarfe ya ƙona hannu tun ba a kunna inji ba. Wani mai faci ya bar ni in raɓa a gefen rumfarsa. Ina yi wa mutane waldar amalanke da garma in samu na abinci da na mai, abin da ya ragu in sayi matattun kekuna in fasa in ciri sarƙa da taya.

Wanda na fara yi wa keke a can sunansa Labbo, magidanci, mai faɗin ƙirji, yana bara a ƙofar kasuwa da takalman roba a hannuwansa. Na zauna da shi na ce zan yi masa keke da akwati a baya, ya riƙa sayar da goro da alewa da ashana. Ya ce ya ji ya yarda, har da sa mini albarka. Na yi wannan keke kamar zan kai shi gasa. Ranar da ya hau, 'yan kasuwa suka yi ta tafi, ni kuma na koma rumfa ina waƙar yabo a ciki-ciki.

Ba a jima ba na gan shi a ƙofar kasuwa, a ƙasa, da takalman robarsa a hannu.

“Labbo, ina keke?”

Ko kunya bai ji ba. “Na sai da shi. Mai ruwa ya cire tayoyin ya sa ma kuratai.”

“Ka sayar? Ka san wahalar da na sha a kansa?”

“Malam Ishaku, bisa keke ba a ba ni sadaka, sai su ce na ƙoshi. Goro kuwa bashi aka ci. Ɗiyana huɗu, mi za su ci, fenti?”

Na ji kamar in kama wuyansa. Na biyun da na yi wa, shi bai sayar ba, sai dai ya gano da keke yana iya cin kasuwa uku a mako maimakon ɗaya, bararsa ta bunƙasa. Ya zo har rumfa ya yi mini godiya a kan haka.

A Shinkafi kewar gida ta kama ni sosai. Ran Lahadi wasu 'yan kasuwa ƙalilan suna taruwa a bayan wani shagon magani su yi sujada da harshensu, murya ƙasa-ƙasa. Sun karɓe ni, Allah ya saka musu, amma amin kaɗai nake ganewa. Ina marmarin waƙoƙinmu na Hausa da gangar zumuntar mata, da miyar karkashin mahaifiyata. Wata safiya na tattara kayan aikina a buhu, na ce in Malam Garba ya zo zan bi shi Ƙaura in nemi motar Zariya.

Ina zaune a kan buhun nan na yi addu'ar da ba ta da ladabi ko kaɗan. Na ce, “Ya Ubangiji, kai ka aiko ni ko ni na aiko kaina? Ka ga mutanen da ka haɗa ni da su? Wanda bai cuce ni ba ya sayar da gumina.” Na yi ta zuba har na gaji. Da na yi shiru, abin da ya zo mini a rai bai yi mini daɗi ba. Lokacin da ake goya ni zuwa majami'a, babu wanda ya san zan zama mai walda. Da na ƙare a ƙofar kasuwa kamar Labbo, da ƙaunar da Yesu ya yi mini ba ta ragu da ƙwayar gero ba. Ba a sa mini sharaɗi ba. Ni ne na zo ina ba da keke da sharaɗi, ina so mutum ya zama abin da na tsara masa don in ji daɗin aikina.

Na kwance buhun. Kada a ɗauka na huce, ban huce ba. Na daɗe ina canza hanya don kada in ga Labbo, don ni ba mala'ika ba ne. Na dai fasa tafiya.

Da Malam Garba ya zo, shi ma da tasa maganar ya zo. Akwai wata 'yar'uwar matarsa a wani ƙauye a hanyar Gurbin Bore, bayan Zurmi, sunanta Kulu. Gurguwa ce, mijinta ya rasu, da daddawa take ciyar da 'ya'yanta. Da can 'yan acaɓa suke ɗaukarta zuwa kasuwa, yanzu an hana su ɗaukar mata, motar da aka ware wa mata kuma ba ta shiga ƙauyensu. Sai ta ba wasu su sayar mata, su kawo abin da suka ga dama.

“Ita wagga in ka yi mata keke ba ta sai da shi,” in ji Malam Garba. “Sai dai bakinta za ka yi haƙuri da shi.”

Hanyar kanta wani labari ce. Bayan Zurmi muka shiga yashin wani rafi mota ta kafe. Fasinjoji suka sauka suna turi, wasu manoma biyu suka ɗauke ni cak suka haye da ni, suna gardama a kaina ko an biya mini kuɗin mota ko a cikin kaya aka lissafa ni. Ɗayansu ya ɓare rake ya miƙa mini ba tare da na roƙa ba.

A ƙauyen, yayan Kulu, Malam Bawa, shi ne mai gidan. Tun daga zaure ya nuna bai so zuwana ba. Ya ce namiji ba zai gwada ƙanwarsa ba, balle wanda ba Musulmi ba. Na ce keke sai da awo. Aka yi ta ja, har tsohuwarsu ta kawo dabara: ta shiga da karan dawa ta gwada tsawon hannun Kulu da bayanta da faɗin zamanta, tana karya kara daidai kowane awo tana miƙo mini. Ta bayan zana na ji muryar Kulu karo na farko.

“Inna, ki hwaɗa mai in zai yi shi yi da ƙarhi. Ni ba 'yar tsana ba ce, kuma da tukunya nika tahiya.”

Ƙasar wurin yashi ce, tayar keke nutsewa take yi. Na koma Zurmi na samo tsofaffin tayoyin babur na sa a baya, na ƙara girman kujera, na gitta ƙarfe biyu a ƙarƙashinta don ta ɗauki nauyi, kamar yadda kowane mai walda zai yi. A gindin tsamiyar ƙofar gida nake aikin, mutane suna kewaye da ni suna ba ni shawarar da ban tambaya ba.

Saura fenti kawai Malam Bawa ya kifa keken yana dubawa. Sai na ga ya miƙe, fuskarsa ta canza.

“Jama'a, ku zo ku gani. Ga abin da ya kawo shi. Gicciye ya sa mata.”

Na ɗauka wasa yake yi, har na fara dariya. Da na ga yadda samari suka matso, dariyar ta tsaya. Wani ya ce a ƙona keken, wani ya ce a kai ni Zurmi gaban alƙali, wani ya riga ya dafa injina. Malam Garba yana can Shinkafi. Ni kaɗai ne, a ƙasa, ko kekena an ture shi gefe. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Wani tsoho ne ya ce ba a hukunci a titi, a tafi wurin mai gari.

Mai gari dattijo ne siriri, yana zaune a kan buzu a zaurensa. Aka kifa keken a gabansa, aka ajiye ni a gefe. Ya saurari Malam Bawa har ya gama, sannan ya juyo.

“Kai Kirista ne?”

“E, ranka ya daɗe.”

“Gicciye alamarku ce?”

“Alamarmu ce.”

“To wanga hwa?”

Tsoro da haushi suka haɗu suka buɗe mini baki. Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙarfe ne mai riƙe kujera. Gicciye abu ne mai daraja a wurina, a kansa Ubangijina ya mutu domina. Da shi nake so in sa, ba zan sa shi a ƙarƙashin mazaunin mutum ba.”

Wani ya tuntsire da dariya a baya, wasu suka bi shi. Mai gari ya ja rawani ya rufe baki na ɗan lokaci. Na ce a raina na ci. Sai ya ce, “Na ji, kuma na yarda ba ka yi da wata manuhwa ba. Amma zukata sun riga sun tashi. In ta hau shi haka, kullum sai an nuna ta. Ka cire shi ka yi wata dabara.”

“Ranka ya daɗe, aikin zai lalace. Babu laifi a jikin ƙarfen nan.”

“Ban ce akwai ba. Na ce ka cire.”

Kulu ta sa an kawo ta tana bayan zaure tana ji. Ta ce, “Allah shi ba ka nasara, ku gama shawararku. Ko gicciye ko tsani, ni dai kasuwa nika son zuwa. Wanda duk ya ce a ƙone shi, shi zo shi goya ni.”



Na koma gindin tsamiya na ɗauki zarto. Gaskiyata ce, kowa ya sani, amma ni aka sa in yanke. Ina yanka ina cizon haƙora ina cewa a raina, ka gani ko, Ubangiji, ka gani. Amma na san abin da ke gabana: ko in kare gaskiyata matar nan ta ci gaba da zama a tsakar gida, ko in haɗiye ta hau keke. Wanda nake bi ya haɗiye abin da ya fi wannan saboda ni. Na jera ƙarfe uku a miƙe a madadin biyun, na ƙara ƙarfen tokara a kowane gefe. Man janareta ya ƙare, sai da aka je Zurmi aka sayo. Keken ya ƙara nauyi, ya kuma yi muni, har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Malam Bawa ya zo ya kifa shi ya duba, ya tafi abinsa. Da azahar aka aiko mini da fura daga cikin gida, ban san wanda ya ce a kawo ba.

Ran kasuwa Kulu ta fito da lulluɓinta. Mata biyu suka ɗora ta, aka ɗaure tukunyar daddawa a baya. Ta kama abin tuƙi ta juya, keken ya yi baya ya daki zana. Ta sake juyawa ya miƙe. Ba ta dubi kowa ba, ta bi hanyar kasuwa tayoyin suna tsaga yashi, 'ya'yanta suna gudu a bayanta. Na zauna ina kallo har ta sha kwana.

Da la'asar Malam Garba ya iso, muna ɗora injin a mota sai ga ta ta dawo, tukunya wayam. Ta ja birki a gabana. Na gyara zama, don na ɗauka yau dai zan ji kalma mai daɗi.

“Mai walda, kujerar ga da tauri kamar dutsin niƙa. Birkin kuma kuka shikai, duk kasuwa an san na iso.”

Na ce, “Shi ke nan abin da kika gani?”

“Akwai saura. Na gamu da mutanen Kurya Madaro. Akwai wani tsoho can da ɗiyatai, su biyu duk ƙasa suke. Na ce masu kana tahe.”

“Wa ya ce miki zan je? Gida zan tafi. Uwata tana nemana.”

“Ka gaishe ta in ka tahi. Su dai na ce masu bayan kasuwa mai zuwa.” Ta juya kekenta ta shige gida, ƙafar baya ta ɗebi gefen zana ta tafi da shi.

Na daɗe ina kallon ƙofar. Na ɗaga kai sama, ban ma san abin da zan ce wa Ubangiji ba, don ya riga ya san amsar da zan bayar. Na juya wurin Malam Garba, yana ta ɓoye dariya a bayan mota.

“Hanyar Kurya fa, yaya take?”

“Ta hi wagga muni.”

Na ce, “To ƙara wa injin nan igiya.”